Kalmar da Buba Ya Faɗa a Oba-oba

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa sa a kori mutum daga Saudiyya saboda farantin shinkafa ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin tsofaffin ma'aikata suna ce mini "Ammu Sallau, wa ya faɗa wa wa", kuna taya su dariya alhali ba ku san mafarin abin ba. Ammu dai baffa ke nan da Larabci. To ku gyara zama, yau zan tona wa kaina asiri.

Ga wanda bai san wurinmu ba, sito ne na sanyi a kudancin Jidda, gaba da Mahjar kaɗan. Kamfanin na mutanen Ailan ne, babban ofishinsu yana Dablin. Cuku muke ajiyewa da man shanu da madarar gari, manyan motoci su zo su ɗiba. Ma'aikata kuwa babu irin da babu: 'yan Filifin, Indiyawa, Yamalawa, Misirawa, 'yan Sudan, sai mu baƙaƙen Najeriya da Nijar. In aka yi sahun azahar sai ka rantse a Mina kake. Ni ne mai kula da sito, kuma da yake na ɗan yi boko a Zariya, na kuma kwashi Larabcin titi a Bab Makka, duk rigimar da ta tashi ni ake kira tafinta. Ba a ƙara mini ko sisi a kan wannan, amma ana ba ni kujera mai juyawa.

Mutanen Ailan suna da wani ɗan littafi da suke kira littafin mutunta juna a wurin aiki. Duk wanda aka ɗauka sai ya sa hannu cewa ya karanta. Dukanmu mun sa hannu, kuma wallahi babu wanda ya karanta. A cikinsa an ce duk wanda ya ga ana wulakanta wani saboda launinsa ko ƙabilarsa ko addininsa, ya cike fom, fom ɗin ya wuce Dablin kai tsaye, ko mudir, wato manajanmu na nan, bai isa ya tare shi ba. In shugaba ne ya yi wa na ƙasa da shi, hukuncin sallama ne.

Yanzu ga mutanen. Buba Bafulatani ne daga wajen Yola, shi ne shugaban masu lodi, siriri kamar sandar rake, ba ya dariya sai dole. Modu Babarbare ne daga Maiduguri, shi ke tuƙa injin ɗaga kaya a ƙarƙashin Buba, bakinsa ba ya rufuwa sai in ya kabbara salla. Kun san tsakanin Fulani da Barebari. Tun kaka da kakanni abokan wasa ne, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Su biyun nan shekara goma sha ɗaya suna abu ɗaya. Da safe Buba zai danna oba-oba, wato rediyon hannu da muke magana da shi a cikin sito, ya ce, "Ina bawan nan nawa? Modu, kawo cuku ƙofa ta uku." Modu ya amsa, "Ga ubangidanka nan tafe, ka shimfiɗa tabarma." Mu mun saba, ko ji ba ma yi.

Ta uku ita ce Amal, mai kula da takardun lodi a ofis. Haifaffiyar Jidda ce, iyayenta ma a nan aka haife su, kakanninta ne suka zo hajji suka zauna. Tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci. Mace ce mai kamun kai, ba ta shiga shirgin kowa. Akwai oba-oba a kan teburinta, duk abin da aka faɗa a sito tana ji.

Wata Lahadi ana saura sati uku azumi, lokacin da aiki ya fi yi mana yawa, na samu na zauna da farantin shinkafar buhari, tun safe ban sa komai a cikina ba. Na kai loma ta biyu ke nan sai ga Amal a kaina.

Ta ce, "Ammu, kalmar nan 'bawa', ya'ni esh, me take nufi? Abd ke nan da Larabci?"

Bakina cike na ce, "Aiwa, shi ne."

Ta ce shukran ta juya. Ni kuma na ci gaba da yaƙi da cinyar kaza. Ban tambaye ta a ina ta ji ba, ban tambaye ta wa ya faɗa ba. Kaza ta ɗauke mini hankali.

Ranar Laraba mudir ɗinmu, Mista Deklan, ya kira ni ofis. Jan mutum ne mai fara'a, irin wanda rana ke gasawa kullum bai daddara ba. Ranar babu fara'a. Ga Buba a tsaye. Deklan ya ce in fassara masa cewa an kai ƙararsa Dablin, an ce yana kiran ma'aikacin da ke ƙarƙashinsa bawa a gaban jama'a, don haka an dakatar da shi har a gama bincike. Ina fassarawa, a take na tuna da shinkafar nan.

Ku fahimci abin da ke kan layi. Kamfani shi ne kafilin Buba, wato mai tsaya masa, iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannunsu take. In suka sallame shi da irin wannan tabo, babu mai karɓarsa, sai huruj, wato bizar fita ba dawowa. Matarsa da 'ya'yansa huɗu suna unguwar Nuzla, biyu daga cikinsu ba su taɓa ganin Najeriya ba sai a waya. Buba ya saurara, ya ajiye oba-obarsa a kan tebur, ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce. Bafulatani ko wuta ta kama rigarsa sai ya gama gaisuwa tukuna.

Ranar Litinin mai bincike ta iso daga Dablin. Sunanta in ka gan shi a rubuce ba za ka taɓa kiransa daidai ba, haruffan wani wuri suka nufa, lafazin wani wuri. Shibon ake cewa. Doguwa ce mai tabarau, ta zo da abayar da ta saya a filin jirgi, tana taka ta tana tuntuɓe. Ta bayyana mini tsarin: za a ji kowa shi kaɗai, ni in fassara kalma da kalma, kada in ƙara kada in rage, ita ta rubuta, sannan ta yanke ko sulhu ko sallama. Na sa hannu a kan haka.

Aka fara da Modu. Ashe babu wanda ya gaya masa girman maganar, shi a tunaninsa hutun kwana biyu aka ba Buba don a ja masa kunne. Ya shigo baki har kunne, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Madam Shibon ta ce, "Tambaye shi, Buba ya taɓa kiransa bawa?"

Modu ya ce, "Taɓawa? Kullum! Safe da yamma, har ranar Juma'a in mun haɗu a masallaci."

Na fassara. Ta rubuta.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya. Ki rubuta da kyau, Hajiya, a kai Turai a ajiye. Yau Allah ya kama Bafulatani."

Na yi masa ido, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sai ya ce, "Sallau, me ya sa kake taka ni?" Madam ta ɗago ta ce me ya ce. Na sa hannu ba zan rage ba, dole na fassara cewa yana tambayar dalilin da ya sa nake taka shi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta wannan ma. Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da muka fito na ja Modu bayan ɗakin sanyi na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Huruj za a yi wa Buba. Da bakinka ka gama sa masa hannu." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Huruj kuma? A kan wasa?" Ya zauna a kan katakon lodi ya riƙe kai, ya ma manta da sanyi.

Buba kuwa da aka shigo da shi sai ya ƙara dagula lissafi. An tambaye shi ya faɗa, ya ce ya faɗa. An tambaye shi yana da abin da zai kare kansa, ya ce babu. An tambaye shi zai ba Modu haƙuri a gaban ma'aikata, sai ya ce da ni a hankali, "Sallau, ni in ba Babarbare haƙuri? In koma Yola in ce wa mutane me?" Na ce, "Buba, don girman Allah, wannan ma sai na fassara?" Ya ce in fassara. Na fassara ina ji kamar in shaƙe shi.

Aka tashi shan shayi. Mutanen Ailan ko gini na rushewa sai sun sha shayi. Ina gefe ina haɗa takardu, sai na ji Mista Deklan yana ce wa Madam Shibon ya yi mamaki da ta gane hanyar filin jirgi ita kaɗai, tunda 'yar Keri ce. Keri da Kok jihohi ne maƙwabta a ƙasarsu, shi ɗan Kok ne. Ita kuma ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce mutumin Kok ko shi kaɗai aka rufe a ɗaki, zai fito ya ce shi ya zo na ɗaya. Suka kwashe da dariya. Ya ce 'yan Keri kaza, ta ce 'yan Kok kaza, har ya kai ga kakanninta.

Ban san lokacin da shaiɗan ya zuga ni ba. Na zaro fom ɗin ƙara guda ɗaya na ajiye a gaban kofinta, na ɗora biro a kai. Na ce, "Madam, na ji mudir yana wulakanta ki saboda garinku. Ni shaida ne. In cike miki ko za ki cike da kanki?"

Deklan ya ƙware da shayi har ya fito masa ta hanci. Ita ma ta yi dariya, ta ce ai wannan wasa ne, a wurinsu wanda ba ya tsokanarka bai ɗauke ka nasa ba, in mutum yana yi maka ladabi kullum to ka binciki kanka. Na ce, "To Madam, abin da ke tsakanin Buba da Modu ke nan, sai dai nasu ya girmi kakan kakanku." Na bayyana mata wasan Fulani da Barebari, da namu na Zagezagi da Kanawa, na ce duk Bakanon da ya shigo ɗakin nan yanzu sai na sauke masa kwandon tsiya kuma ba zai yi fushi ba.

Ina jin na ci nasara, har na fara juya kujerata. Sai ta cire tabarau ta ce, "Na gane, Mista Sallau. Amma tsakanin Kok da Keri ba a taɓa sayar da kowa ba. Kuma wadda ta kawo ƙarar ba wawiya ba ce. Ka tambaye ta dalilinta?"

Ban tambaya ba. Karo na biyu ke nan.

Abin da wasan fom ɗina ya saya mana shi ne ta yarda a zauna gaba ɗaya kafin ta yanke hukunci, in Amal ta amince a san ita ce. Amal ta ce ba ta ɓoye ba tun farko. Bayan la'asar muka zauna mu shida. Tsarin zaman shi ne kowa ya yi magana ba a katse shi, kuma ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji a ransa, ban da zagi.

Modu bai jira an ba shi dama ba. Ya miƙe ya ce a soke duk abin da ya faɗa da safe. Ya ce shi ma yana kiran Buba bawa, har ya fi shi yawan faɗa, in za a yi huruj a yi musu tare su zauna kujera ɗaya a jirgi. Ya ce lokacin da aka yi masa aiki a ciki Buba ne ya yi sati yana jinyarsa. Ya ce a tambayi Buba sunan ɗansa na ƙarshe. Madam ta tambaya. Buba ya dubi ƙasa ya ce, "Modu." Sai Modu ya ce, "Kin gani, Hajiya? Ai dama bawa sunan ubangidansa yake sa wa ɗa." Na dafe kai na ce wannan kam ba zan fassara ba ko za a kore ni.

Sannan Amal ta yi magana, rabi Hausa rabi Larabci. Ta ce ita ba ta san wani wasan Fulani da Barebari ba, a Jidda ta tashi. Abin da ta sani shi ne tun tana firamare kalmar nan ake jifanta da ita a hanya, da ita da ƙannenta, kuma babu wanda ya taɓa yi mata da wasa. Ta ce duk da haka ta yi wata da watanni tana ji a oba-oba ba ta ce komai ba. Abin da ya sa ta cike fom shi ne ranar Asabar kafin ta same ni. Wani direban babbar mota na wani kamfani dabam, wanda kullum yake jin kalmar a rediyon ƙofa, ya tambaya aka gaya masa ma'anarta. Sai ya leƙo ta taga ya daka wa Modu tsawa, "Ya bawa, yalla, yalla!" shi da yaran motarsa suna dariya.

Ta juya ta dubi Modu ta ce, "Ammu Modu, ina kallonka ta gilashi. Ka tsayar da injin. Ka cire safar hannu, ka mayar, ka sake cirewa. Wancan ma wasa ne?"

Modu, mutumin da ban taɓa ganin ya rasa amsa ba, ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "A'a, 'yata. Ranar ko abinci ban ci ba."

Buba ya ɗago da sauri ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Modu ya ce, "In ce maka me? A bakinka ya tsinta."

Wallahi na ga idon Buba ya kaɗa. Mutumin da ya gwammace huruj a kan ya ba Babarbare haƙuri ya tashi ya zagayo tebur, ya kama hannun Modu da hannu biyu ya ce, "Ka yafe mini." Ya juya wurin Amal ya ce ita ma ta yafe masa. Ni ma na ce ina da laifi, na faɗi labarin shinkafar buhari da cinyar kaza, na ce da na ajiye cokali na tambaya da maganar ba ta kai Dablin ba. Madam ta rubuta har da kazar.

Hukunci ya fito washegari. Ba a sallami Buba ba, an ba shi takardar gargaɗi. An hana kalmar a oba-oba da ko'ina cikin harabar kamfani. An rubuta wa kamfanin direban nan kada a sake turo shi. A littafin mutunta juna kuma aka ƙara shafi ɗaya a kan wasa da iyakarsa, ni aka sa na mayar da shi Hausa, kuma har yau ban ga wanda ya karanta ba.

Kuna tsammanin magana ta ƙare? Ina! Buba ya dawo aiki ya zama wani mutum dabam. Zai danna oba-oba ya ce, "Malam Modu, idan babu damuwa, a taimaka da madara ƙofa ta biyu. Na gode." A sito haka, a waje haka, har a masallaci. Modu ya tsokane shi ta kowace hanya, Buba sai dai ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam Modu." Kwana tara ana haka. Modu ya rame. Ya same ni ya ce, "Sallau, gara ya mare ni. Wannan Malam ɗin da yake ce mini ya fi zagi ciwo." Na tuna maganar Madam Shibon a kan mai yi maka ladabi kullum, na ce lallai mutanen nan sun san abin da suke faɗa.

Ana jibi azumi, da hantsi, motoci sun yi layi har titi, kowa yana gumi a cikin sanyi, sai oba-oba ta yi ƙara. Muryar Amal ce. Ita da ba ta taɓa faɗin komai a rediyo ba sai lambar mota. Ashe ta kai labarin gida, kakarta ta wajen uwa ta yi dariya har da tari, ta ce mata ai su asalinsu Barno ne, Fulani kuwa kayan wasansu ne tun a can, ta kuma ba ta saƙo.

Amal ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Ammu Buba, sitti, kakata, ta ce in tambaye ka. Saniyar da ta rako ka filin jirgi, ta koma gida lafiya?"

Sito gaba ɗaya ya tsaya. 'Yan Filifin ba su ji me aka ce ba amma sun ga mun daskare, su ma suka daskare. Ina hango Buba a ƙofa ta uku, oba-oba a hannu, yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya kai ta baki, ya sauke, ya sake kaiwa.

Ya ce, "Ki gaishe da Hajiya. Ki ce mata saniya ta koma lafiya, kuma har yanzu ta fi Modu iya Hausa."

Modu ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu sama yana ihu, "Alhamdu lillahi! Ya warke! Bafulatani ya warke!" Saura kaɗan ya zubar da katan arba'in na cuku. Mista Deklan ya fito da gudu yana tambayar wa ya ji ciwo, na ce masa babu, sulhu ne ya kammala.

Abin da na koya a aikin nan na tafinta shi ne fassara kalma ba wuya, ko waya tana yi. A wurin da aka tara ƙabila goma a rediyo ɗaya, kalmar da take zumunci a bakin Buba ita ce ta hana Modu cin abinci da ta fito daga bakin wani, kuma ita ce ta bi Amal tun daga firamare. Dukansu gaskiya suka faɗa, ni ne na ba da rabin amsa. Shi ya sa har gobe, in ɗayanku ya zo ya ce, "Ammu, mece ce ma'anar kaza?" ko yunwa za ta kashe ni sai na ture farantin gefe, na goge hannu, na ce, "Zauna tukuna. Wa ya faɗa wa wa?"